Gaisuwa a Kan Kwano

Junaid ya ɗebo shinkafa da wake zai kai baki ke nan, sai kwanon rufin ɗakin ya yi ƙara a saman kansa. Ya tsaya da cokali a hannu. Ƙarar ta sake zuwa a hankali, irin ta mutum mai nauyi da ke kwaikwayon tafiyar kyanwa.

"Inna, kin ji?"

Inna Kulu, mahaifiyarsa, tana kan tabarma tana tsince zogale. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ƙadangare ne."

Daga sama aka yi tari, sannan aka yi gyaran murya.

"To, ƙadangaren naki yana mura," in ji Junaid.

A 'yan kwanakin nan layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi ya sha sata da rana tsaka. An ɗauke batirin sola a wani gida, an ɗauke tukunyar gas a wani, duk ta sama ake dirowa. Shi ya sa Rabi'u, shugaban 'yan sintiri, ya tara mutane a ƙofar masallaci ya ja musu kunne: in ka ji motsi, kada ka fito kana nuna jarumta, ka kulle kanka a ɗaki, ka sanar a guruf ɗin layi na waya, ka jira jama'a.

Junaid ba mai zaman jin lacca ba ne. Ranar dai ya zauna har aka shafa fatiha, saboda Alhaji Abdulmalik yana sahun gaba. Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne, gidansa da nasu katanga ɗaya ce ta baya ta raba su, kuma shi ne mahaifin Fiddausi, yarinyar da Junaid ke neman aure. An kai gaisuwa tun bara, amma maganar sa rana ta ƙi motsi. Duk wanda aka tura, amsar Alhaji ɗaya ce: yaron nan ba laifi, sai dai bai gama natsuwa ba, yau adaidaita sahu, gobe gyaran waya, a bari a gani tukuna.

Yau ga ranar nuna natsuwa ta zo har gida. Junaid ya saka sakata, ya jawo kujera ya tokare ƙofa, ya ɗauko waya ya danna saƙon murya cikin raɗa.

"Jama'a, akwai mutum a kan rufinmu yanzu haka. Ni da Inna mun kulle kanmu. Ba mu fita ba, kamar yadda aka ce."

Ya so ya sake maimaita "kamar yadda aka ce" sau ɗaya, don Alhaji ma yana cikin guruf ɗin, amma ya daure.

Amsoshi suka fara shigowa. Mai shayi ya ce ga shi nan da itace. Sani mai walda ya ce a tare masa lungun baya. Rabi'u ya ce kada kowa ya taɓa ɓarawon sai ya iso, wanda kowa a layin ya san ma'anarsa a rage masa wurin duka.

Da Junaid ya tsaya a nan, da shi ke nan. Amma zama wuri ɗaya ba halinsa ba ne. Akwai tsohon madubin adaidaita a ƙarƙashin gado, ya ɗauko ya zura hannu ta ƙarfen taga, ya karkata shi sama. Ya ga ƙafa babu takalmi. Ya ga wandon shadda an naɗe shi har gwiwa, ga singileti, ga tumbi. Da ya ƙara karkatawa sai ga furfura, ga tabarau.

Ya janyo hannunsa a hankali ya zauna a ƙasa.

"Wa ka gani?" in ji Inna.

"Su Baba ne."

"Wane Baban? Ubanka dai yana makabartar Tarauni, Allah ya jiƙansa."

Junaid ya sunkuyar da kai. Sunan suruki ba ya fita daga baki haka kawai, ko da yana kan rufinka. "Na gidan su Fiddausi."

Inna ta ajiye zogale ta jawo mayafi ta rufe kanta, kamar ana ganin ta ta cikin silin. "Alhaji? Me yake nema a sama?"

"Ni ma ban tambaye shi ba."

Ya yi maza ya rubuta a guruf cewa a kwantar da hankali, ba ɓarawo ba ne. Rabi'u ya amsa nan take: abin da ya faɗa musu ke nan a masallaci, ɓarawo yakan ɗora wa mutum wuƙa ya ce ya rubuta haka, kowa ya ƙara sauri. Daga bakin titi har an fara jiyo hayaniya.

Junaid ya san mutanen layinsu. Dutse yake riga tambaya isa wuri. Ko da an gane Alhaji kafin a jefe shi, gobe hotonsa da singileti yana wayar kowa daga nan har Unguwa Uku, kuma kowa ya san muryar wanda ya tara masa jama'a. Ya janye kujera.

"An ce kada a fita," in ji Inna.

"Wannan dokar ta ɓarawo ce, Inna."

Ya taka ƙarfen tankin ruwa ya haye. Kwanon ya ɗauki zafi kamar tandar waina. Alhaji yana tsugune a gangaren baya inda ba a hango shi daga layi, ya rungume wata farar tantabara mai gashi a ƙafa. Can ƙasa a tsakar gidansa, tsani na kwance inda ya zame.

Suka haɗa ido, Junaid ya yi sauri ya kawar da nasa. Ya cire silifas, ya durƙusa a kan kwanon.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai, Junaidu."

"An wuni lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya mutanen gida?"

"Suna ƙasa, Baba. Suna gaisuwa."

Tafin ƙafarsa ya fara gasuwa, amma babba bai gama amsa gaisuwa ba. Alhaji ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya karkata kai wajen hayaniyar.

"Me ake yi a layin naku?"

"Wai ɓarawo aka ji a kan wani rufi."

"Wane rufin?"

Junaid ya dubi kwanon da suke kai. Alhaji ma ya duba. Tantabarar ta yi kuka a ƙirjinsa.

"Ta gidan wani abokina ce," in ji Alhaji, ba tare da an tambaye shi ba. "Ajiya ya ba ni. Hajiya ba ta san na hau ba."

"Baba, in ba damuwa, a ba ni ita. Akwai tanki ta nan, yana da wurin taka ƙafa."

Alhaji ya daɗe yana kallon tsuntsuwar kafin ya miƙa. "A ƙirji ake riƙe ta, ba a wuya ba."

Ya ja jiki zuwa tankin, ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Gidan mutane ne, kuma akwai mace a ciki.

"Salamu alaikum," ya ce daga kan tanki.

"Wa alaikumus salam, Alhaji, sannu da zuwa," in ji Inna daga ɗaki. "A sauko a hankali." Hannunta kaɗai ya fito ta ƙofa, riƙe da jallabiyar Junaid ta Juma'a.

Junaid ya miƙe ya hau ƙololuwar rufin, ya ɗaga tantabarar sama da hannu biyu. Layin ya cika. Ga itace, ga gora, wani ma da taɓarya. Rabin bulo ya wuce ta gefen kunnensa kafin Sani mai walda ya ce a tsaya, ai Junaidu ne.

"Ina ɓarawon?" in ji Rabi'u.

"Babu ɓarawo. Tantabara ce ta sauka, na hau kamowa."

"To wa ka ji yana tafiya a kan rufin?"

Junaid ya gyara riƙon tantabarar. "Ni ne."

"Kai ka ji kanka a sama, ka kulle kanka a ƙasa, ka kira mu?"

"Zafin nan ne, Malam Rabi'u."

Dariya ta ɓarke, da zagi a cikinta. Mai shayi ya ce ya bar madara a wuta saboda wannan sakaran. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar sa. Ana cikin haka ƙofar gidan ta buɗe, Alhaji Abdulmalik ya fito daga zaure cikin jallabiyar da ta tsaya masa a ƙwauri.

"Alhaji, har ka riga mu shiga?" in ji Rabi'u.

"Haƙƙin maƙwabtaka ne," in ji Alhaji. Ya ɗaga kai, ya gyara tabarau. "Junaidu, sauko. Ƙato da kai, kana neman aure, kana bin tsuntsu a kan kwanon mutane. Wannan ai aikin marasa abin yi ne."

"A yi haƙuri, Baba."

Ya sauko ya fito ya durƙusa, aka yi masa wankin babban bargo. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, har waɗanda ba su san me ya faru ba. Alhaji ya ba jama'a haƙuri a madadinsa, ya ce yaro ne, za a ci gaba da yi masa faɗa. Sannu a hankali aka watse, Rabi'u yana ƙorafin an sa ya ɗauko gora a banza.

Da ya rage su biyu a ƙofar gida, Alhaji ya dubi hagu ya dubi dama.

"Ka ce wa kawunnanka su zo ranar Asabar bayan La'asar, a tsayar da rana."

Junaid ya ƙara sunkuyawa. "Allah ya ƙara girma, Baba."

"Amma ka bar harkar tantabara. Ba ta dace da magidanci ba." Ya miƙo hannu biyu. "Kawo ta nan, ni zan san yadda zan yi da ita."