Wuƙar Takaba a Ƙofar Konkur

Karim ne ya koya wa matarsa Suwaiba Turancin Angale, shi kuwa a bakin baƙi masu yawon hamada ya tsince shi lokacin da yake tuƙa su. Da wata ƙungiyar agaji ta nemi mai fassara a asibitinta, da kansa ya kai sunanta konkur ɗin, wato jarrabawar ɗaukar aikin. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne tambayar da ake hargitsa jimloli, a ce ka maido kowace mazauninta. Sai ya riƙa yanka labari da almakashi, ya watsa guntayen a faifai.

"Fara neman wadda ta faɗi sunan mutum," yakan ce. "Mai cewa 'shi' ko 'ita' daga baya take zuwa. Ke da kika tashi kina jera albasa, wannan zai gagare ki?"

Motarsa ta kife a hanyar Segedin, can aka rufe shi. Ranar konkur kuma ta faɗo tsakiyar takaba.

Kawunta ya riga ya aiko daga Tabelot: tana gama takaba ta ɗauki ɗiyarta su koma garkar albasa. Aikin nan ne kaɗai zai tsayar da su Agadas, a ɗakin da Karim ya gina.

Inna Bilkisu, uwar Karim, ta ce atafau Suwaiba ba za ta je konkur ba.

"Kabarinsa bai bushe ba, za ki zauna cikin maza da bik a hannu kina rubutu?"

"Inna, liman ya ce da rana, in da lalura, ba laifi."

"Ba liman ya haife shi ba."

Kullum bayan la'asar Suwaiba takan ɗauko faifan, ta jera, ta watsa, ta sake jerawa, da 'yar wuƙar da mai takaba ba ta rabuwa da ita a kan cinyarta. Yankan takardun duk a karkace yake, don Karim bai iya almakashi ba. Wata rana Inna ta ɗauki guda, ta shafa bakin takardar da yatsa, ta ajiye.

Da safiyar konkur Suwaiba ta iske ta a zaure ta yi lulluɓi.

"Tunda kin kafe, ba za a ce gidanmu ba manya ba. Wuce mu je."

A ƙofar lakwal, makarantar da ake konkur, mai tsaro ya leƙa jakarta.

"Madam, wuƙa ba ta shiga."

"Takaba nake yi."

"Allah ya jiƙan shi. Amma ba ta shiga."

Tun ranar da labarin ya zo ba ta taɓa ajiye ta ba. Ta dubi Inna, tana jiran a ce mata su koma gida.

Inna ta miƙo hannu. "Kawo nan. Ni ma na riƙe irinta, hannuna ya san ta. Shiga, ɗiyata."

A ciki hannun Suwaiba na ta lalubar cinya ba komai. Da ta iso jimlolin da aka hargitsa sai idonta ya cika. Ta share da mayafi, ta nemi mai sunan mutum, ta sa ta gaba. Sauran suka biyo.

Ta fito ta samu Inna a inuwar katanga, wuƙa dunƙule a hannu.

"Kin jera wa ɗana su?"

"Na jera, Inna."

Kafin takaba ta ƙare aka kira Suwaiba aiki. Inna ce ta aika Tabelot, ta ce a gaya wa kawu ya nemi wani mai cirar albasa.