Dogara Bai Juya Ba

Da korona ta rufe Doha, kamfanin gadin da Dogara ke wa aiki ya tara ma'aikatansa, kowa da takunkumi a fuska, aka ba su zaɓi biyu. Ko mutum ya karɓi kuɗin sallama a soke masa biza, ko ya zauna ba albashi, sunansa na nan, har ranar da aiki ya dawo. Ranar kuwa babu wanda ya san ta, har shi manajan da ke ta zuba.

A gidan hayarsu na unguwar Fereej Abdel Aziz, 'yan Arewa sun kafa asusun tallafa wa waɗanda aiki ya tsaya musu: shinkafa, mai, da kuɗin hayar gadon kwana. Malam Ghali direban bas ke riƙe da shi, mutumin da ba ya kwana-kwana a magana.

"Duk wanda ya karɓi sallama ba shi da rabo a nan," in ji shi. "Ba ma ciyar da mai kuɗi a aljihu. Khalas, magana ta ƙare."

Matar Dogara, Haulat, ta kira shi daga Azare.

"Baban Safiya, ka karɓo ka dawo mana. Mutane mutuwa suke yi."

"In na karɓa, ba aiki, ba tallafi, ba biza. Kuɗin ba zai kai mu damina biyu ba. Ki yi haƙuri, gasar ƙwallon duniya na tafe, za su nemi masu gadi."

Yawancin abokansa suka karɓa suka hau jirgi. Shi ya zauna, shinkafa da mai safe da yamma, har wandonsa ya fara zamewa. 'Yan gidan suka sa masa suna Alhaji Kofin Duniya, yana dariya tare da su, amma tsoro ya cika shi, don in lissafinsa ya kuskure ya cuci iyalinsa a banza.

Sannu a hankali aiki ya dawo. Da gasar ta zo, aka tura shi filin wasan Al Wakrah, bakin ciyawa kuma, inda kuɗi ba ya kai mutum. Dogara mayen ƙwallo ne, har rawa ya taka. Sai shugabansu ya jera su ya ce aikinsu kallon 'yan kallo ne, bayansu ga fili.

"Wanda ya juya, ya tuɓe rigar aiki ya kama hanya. Yalla, mu je!"

Da la'asar aka take wasa. Dogara ya tsaya ƙyam, yana jin bugun ƙwallo da numfashin 'yan wasa a ƙeyarsa, wuyansa na ta ƙaiƙayi. A gabansa mutane ne hawa bisa hawa har kusa da rufi, farare, baƙaƙe, jajaye, fuskoki a buɗe ba takunkumi. Bai taɓa sanin Allah ya halicci irin fuskoki haka da yawa ba.

Can sai filin ya yi tsit. Ya ga dubban bakuna sun buɗe lokaci guda, wani tsoho ya dafe kai, wata mata ta ƙanƙame ɗanta. Sannan duk suka miƙe, ihu ya fashe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin takalminsa. Wani ɗan wasa ya sheƙo da gudu ta bayansa, har iskarsa ta taɓa masa kunne. Mai gadin da ke damansa ya kasa daurewa, ya waiga, nan take aka zo aka janye shi.

Hawaye ya zubo wa Dogara, ya bar shi yana zuba.

"Allahu Akbar," ya ce a hankali, idonsa a kan jama'a.

Da aka tashi ya kira gida. Haulat ta ce, "Ka ga ƙwallon da aka ci kuwa?"

"Ban gani ba," in ji shi. "Amma gobe ma ina da aiki."