Fuskar Wakil

"Zulaihatu, cire hannunki! Ba ta bushe ba."

Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. Mutumin da ko kofin shayi ba ya iya riƙewa sai matarsa, Mama Hilda, ta tallafa masa, amma ga murya kamar ta direban tirela. Baba Nehemiah ke nan, maƙwabcina a Dawaki, mai ɗaukar hoto tun ina goye. Shagona na fotokwafi yana manne da ƙofar gidansa, shi ya sa da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, aka shigo da kwamfuta da firinta falonsa, ni kuma na zama hannunsa.

Firintar nan sai shi. Ya zubar da tawada masu launi, ya ɗura nasa guda huɗu: baƙa ɗaya, toka-toka uku, mai duhu da matsakaiciya da mai haske. Masu hoto na cikin kasuwa suna yi masa dariya, wai ana zamani ya koma baya. Ko a jikinsa.

Abin da ya hana ni taɓawa ma ba hoto ba ne. Wata siririyar takarda ce mai gidaje ashirin da ɗaya a jere, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin. Dokarsa kuwa, takarda sai ta kwana, domin tawada kan sake fuska in ta bushe. Washegari da hantsi na riƙe shi muka fita bakin ƙofa.

"Ƙirga mini."

"Sha biyar, sha shida, sha bakwai... Baba, daga nan duk sun haɗe. Baƙi ne kawai."

"To a cikin baƙin nan Wakil yake," in ji shi. "Waɗanda suka ƙera na'urar nan ba su yi tunanin fuskokinmu ba. Mu za mu koya mata."

Wakil ɗan Ya Fanna ne, wata dattijuwa da ta gudo daga Bama ta kama ɗaki a bayan layinmu. Tun ranar da mahara suka shiga garinsu ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ta tsira da shi hoto ɗaya ne a katin ajiya na waya: yana tsaye a inuwar darbejiya da farar riga, rana a bayansa. Shago uku ta kai. Kowanne ya ba ta riga da hula, tsakaninsu duhu. Ga yanar ido ta fara cin ganinta. Abin da ta roƙa kawai, ta ga fuskar ɗanta a takarda kafin ganin ya ƙare.

Muka koma kan kwamfuta. Kowace tawada tana da layinta, wanda ke faɗa wa firinta inda za ta fara zuba ta da inda za ta tsaya.

"Baƙar tana shigowa da wuri. Ja ta baya. Mai duhun kuma ɗago cikinta kaɗan. Kaɗan na ce! Buhun masara kike ɗagawa?"

Wallahi na sha faɗa. Mu lanƙwasa layi, mu buga, mu jira gobe. Kwana bakwai muna abu ɗaya, shi yana ramewa a kan idona, Ya Fanna kuma kullum sai ta leƙo tana laluben bango. Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Ranar da aka kai Baba asibiti na ce yau zan gama wannan wahala. Na ƙara wa hoton haske gaba ɗaya, na buga, na kai mata da ɗuminsa, har ina taƙama.

Ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe. Fuskar ta fito kam, amma fari-fari kamar an barbaɗa mata toka.

"'Yata, sannu da ƙoƙari," ta ce, ta miƙo mini. "Amma wannan ba nawa ba ne. Wakil baƙi ne."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da Baba ya dawo na faɗa masa da bakina, ina jiran tsawa. Sai ya ce a hankali, "Ba ta ce ki sake masa fata ba. Cewa ta yi ki nuna mata shi. Kunna kwamfutar."

Takarda ta goma sha biyu ta kwana ranar Laraba. Ranar Alhamis Baba ya kasa tashi, sai na fita rana ni kaɗai, ina ɗaga murya ta taga.

"Sha bakwai. Sha takwas. Sha tara... Baba! Ashirin! Ashirin da ɗaya! Kowanne da iyakarsa!"

Mama Hilda ta ce murmushi ya yi har haƙoransa suka fito. Na shiga, ya ce, "Buga shi." Firinta ta yi ta kai da kawowa, hoto ya fito, ya sa na kwantar da shi saman kabad ba tare da na duba ba.

"Baba, kai ba za ka gani ba?"

"Na ji ƙirgen. Sai gobe da hantsi. Kada ki kai mata da danshi."

Bayan la'asar ya cika, Mama Hilda tana riƙe da hannunsa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ko leƙen saman kabad ɗin ban yi ba. Ni Zulaihatu mai gaggawa, na jira.

Da hantsin Juma'a tsakar gida ta cika, matan zumunta suna waƙa, 'yan'uwansa suna shirin tafiya da shi Kaltungo. Na sauko da hoton na fita rana. Jama'a, ga Wakil! Baƙi sosai, goshinsa yana sheƙi, zanen Barebari a kumatunsa ɗaya bayan ɗaya, har ɗinkin wuyan rigar bai ɓace ba. Ku zaga Gombe daga Barunde zuwa Gabukka, ku nuna mini wanda zai iya wannan. Maƙwabcina ne ya yi shi, daga kan gadon mutuwarsa, kuma da hannuna aka yi. Ina alfahari da shi har gobe.

Ya Fanna ta zo gaisuwa tana dogara sanda. Na zaunar da ita a dakalin ƙofa, inda Baba yake duba takardunsa, na ɗora mata hoton a cinya. Ta ɗago shi dab da ido. Ta kawo yatsa kusa da takardar, sai ta tsaya.

"Ya bushe?"

"Ya bushe, Ya Fanna."

Ta ɗora yatsan a kumatunsa, tana bin zanen a hankali daga sama zuwa ƙasa.