Tarin Baburin Baba

Babur ɗin ƙarami ne, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu kaushi, irin wanda aka ƙera don laka da duwatsu. Na Baba ne. Da Allah ya yi masa rasuwa sai aka jingine babur ɗin a rumfar bayan gida, kaji suka mayar da kujerarsa wurin hira.

Auta ne ya tashe shi. Tela ne, furfura ta fara cin gemunsa, amma har yau ba mai kiransa da wani suna a gidan. Ya wanke babur ɗin, ya sa sababbin tayoyi, ya buga kik, inji ya kama. Sai dai da tari ya kama. In an murɗa totur sai ya shaƙe, ya yi "fat-fat", ya saki hayaƙin da ke korar mata daga wurin shanya.

Yayansa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya tsaya yana toshe hanci.

"Auta, wannan babur ne ko murhun ɗanyen itace? Na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ƙarshen mako zai zo. In tarin nan bai tsaya ba, sikeli zai hau."

"Yaya, baburin Baba ne fa."

"Baban ma da ya ji wannan ƙarar da ya ce a rufa masa asiri."

Haka mutanen yanzu suke. Abu ya yi tari sau biyu, sai a nemo masa mai ɗauka. Auta ya rufe shago ya shimfiɗa buhu a ƙasa.

Ya kwance filogi, ya same shi baƙi ƙirin, jiƙe da maiƙo. Ya sa sabo, kafin ya zagaya unguwa shi ma ya koma kamar gindin tukunya. Ya jingina filogin da jikin inji ya buga kik, wuta ta fito shuɗiya, mai ƙarfi. To, ba laifin wuta ba ne. Ya sauke kafireta, mai haɗa fetur da iska, ya baje ta a kan faranti, ya busa kowace ƙofa har kumatunsa suka yi ciwo. Ya wanke soson da ke tace iska. Ya ƙwanƙwashe salansa, wato bututun hayaƙi, baƙar dauɗa ta zubo masa a wando. Duk da haka tari bai fasa ba.

Saura abu ɗaya. Injin irin na dā ne, wanda ake gauraya masa man inji a cikin fetur, kuma Auta a galan yake yin gaurayensa tun a gidan mai, da awo daidai yadda ya ga Baba na yi. Ya ce bari dai ya zubar da na tankin. Ya juye shi tas, ya zuba sabon gauraye, ya buga. Babur ya ɗauki murya siririya, babu tari, babu shaƙewa. Auta ya yi ta zagaye har yara suka gaji da binsa.

Washegari ya buga, tari ya dawo.

Ya tsaya riƙe da ƙugu. Inji ba ya kwana lafiya ya tashi da mura. Akwai hannu a ciki, kuma mutum ɗaya ne a gidan ke son babur ɗin ya hau sikeli. Zargin ɗan'uwa mugun abu ne, amma Auta ya yi shi, har da ƙari.

Ya sake juye tanki da yamma. Da safe, maimakon ya wuce shago, sai ya laɓe bayan tankin ruwa. Can sai ga Yaya, yana waige-waige, da 'yar kwalba a aljihu. Ya buɗe murfin tankin babur ya fara tsiyayawa.

"Na kama ka! Yaya, da girmanka?"

Yaya ya zabura, saura kaɗan kwalbar ta faɗi. "Kai, rufe mini baki! Ceton injin nan nake yi. Kullum ina kallonka kana ɗura masa fetur tsura daga galan, ko ɗigon mai ba ka sawa. So kake ya ƙone?"

"Tsura? A galan ɗin nake gaurayawa!"

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Yaya ya dubi kwalba, ya dubi tanki. "To ai Baba a tanki yake zubawa."

"A galan dai."

"Ni na girme ka, na san a tanki ne."

"Wannan lokacin da kake yaro ne. Daga baya ya sayi galan."

Ashe abin da ke damun babur ke nan: kowa na ba shi rabonsa na mai, ya sha ninki biyu, filogi ya nutse. Da ɗayansu ya buɗe baki ya tambayi ɗan'uwansa, da ba a ɓata wando ba. Amma maza biyu a gida ɗaya sun gwammace laɓe-laɓe da tambaya.

"Kai da ke son sayar da shi," in ji Auta, "me ya dame ka da ƙonewarsa?"

Yaya ya mayar da kwalba aljihu yana gyaran murya. "Sayarwa daban, kisa daban. Miƙo galan ɗin, sarkin surutu."

Suka juye tanki tare, suka goge filogi. Bugu ɗaya inji ya kama, sumul.

Da mai sayen ƙarafa ya iso da kurarsa, Yaya ya tare shi tun daga ƙofa.

"Malam, an fasa. Amma kada ka koma hannu sake, akwai wani karyayyen gado a ciki, shigo ka duba."