Abin da Ya Kashim Ya Kwafa a Filashi

Yayana Kashim bai taɓa yarda ƙanwarsa za ta fi shi sanin wani abu ba, balle kwamfuta, wadda yake zaune a gabanta shekara goma sha ɗaya a shagonsa na kafe da ke unguwar Dogo Nini a Potiskum. Ni kuwa, Fanne, ita na karanta a jami'a. Amma da na buɗe baki sai ya ce, "Ke da aka haifa jiya?" Jiyar nan shekara ashirin da bakwai ke nan.

Mutanen garin nan ba sa riƙe faswod. Mutum zai zo a buɗe masa imel, ko a yi masa rajistar jarrabawa, in an gama ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Kashim, yana wurinka ko?" ya yi tafiyarsa, kamar wanda ya bar makullin gida a hannun maƙwabci. Dillalan kasuwar shanu, malaman firamare, ɗalibai, duk haka suke. Da a wani dogon littafi yake rubutawa, a buɗe a kan tebur, duk wanda ya sunkuya ya karanta. Bara na yi ta masifa har ya bari na sa masa manhajar ajiye kalmomin sirri a kwamfutar shago. Kwana huɗu muna shigar da su, mutum ɗari huɗu da goma sha uku, duk a cikin fayil ɗaya kulle, babbar kalma guda ke buɗe shi. Littafin muka ƙone. Da ya zo zaɓen babbar kalmar, ni ɗin da na koya masa ya kalla ya ce, "Juya baya." Na juya ina kallon bango, raina a ɓace.

To, sai ya samu aikin yi wa ɗalibai rajista a wata makaranta a Fika, inda ba a yarda a girka komai a kwamfutocinsu ba. Ga kuma laftof ɗin da surukinsa ya ba shi, ita tsarin Linux ne a kanta, ta shago kuma tsarin Windows. Yana son manhajar ta koma cikin filashi, ya sa a aljihu, duk inda ya jona ta tashi. Na ce ya bari ran Asabar in zo in yi masa. Ya ce to. Wannan "to" ɗin da ma na san ba ta Allah da Annabi ba ce.

Ranar Laraba wajen ƙarfe sha ɗaya ya kira ni.

"Fanne, kina ina? Ɗan leƙo shago."

Ya Kashim ba ya cewa "ɗan leƙo". "Zo nan" yake cewa. Na zari mayafi.

Na tarar da wata yarinya zaune a benci da fayil ɗin takardu a cinya. Suwaiba ce, 'yar marigayi Malam Ari mai gyaran rediyo, wadda ta gama makarantar jinya. Rajistar jarrabawar samun lasisinta za a rufe ƙarfe huɗu na yammacin ranar, wanda ya rasa kuwa sai baɗi. Shafin rajistar da imel ɗinta duk Ya Kashim ne ya buɗe mata, layin da aka yi amfani da shi kuma ya tafi da wayarta da aka sace tun da azumi. Ke nan babu zancen a turo mata sabon faswod. Ta gaishe ni da fara'arta, ba ta san komai ba.

Ya ja ni bayan labule, ya nuna mini laftof da filashi a jiki.

"Ya ƙi buɗewa. Jiya kuwa lafiya lau ya buɗe."

Na duba. Abu ɗaya ne tak a cikin filashin, ɗan hoton manhajar da 'yar kibiya a gindinsa, nauyinsa kilobayit biyu.

"Ya Kashim, me ka kwafa?"

"Manhajar mana. Na jawo ta daga fuskar kwamfuta na jefa a ciki. Har gwadawa na yi."

"A wace kwamfuta ka gwada?"

"Ta shago."

Innalillahi. Na ce masa wannan shotkot ne, ɗan nuni ne kawai da ke cewa manhajar tana can cikin kwamfuta. Kamar allon sunan shago ne ya ciro ya sa a aljihu, shagon yana inda yake. Jiya ya buɗe ne don yana jikin kwamfutar da ke da abin. Ban damu sosai ba tukuna, na waiga in kunna ta shagon. Sai na ga tebur wayam, sai sawun ƙura mai kusurwa huɗu.

"Ina take?"

"Ta yi nauyi, na kai wa Bilyamin ya wanke ta. Na ga ai komai yana filashi."

Wanki a bakin masu gyaran garin nan fomatin ne, a share komai a zuba sabo. Ciwon kai ko ciwon ƙafa, maganinsu ke nan. Ban san sanda na ɗaga murya ba, sai da ya toshe mini baki da hannu saboda Suwaiba. Ban taɓa ganin yayana a tsorace ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi, duk da haushinsa da ya cika ni.

Ya leƙa ya ce mata, "Suwaiba, ɗan jira mu, netwok ne." Ƙarya ce, kuma daga jin muryarsa ka san ba gwaninta ba ne.

Ranar kasuwa ce, tirelolin shanu sun cushe hanya, Keke mai ƙafa ukun da muka hau ya fi tsayuwa a kan tafiya. Sai sha biyu da rabi muka isa shagon Bilyamin. Yana ganinmu ya washe baki.

"Oga Kashim! Ai tun safe na gama. Ta koma amarya, ko tari ba ta yi."

Ya Kashim ya nemi kujera ya zauna.

Ni da Bilyamin ba ma shiri. Yana da wata mummunar ɗabi'a da na sha yi masa faɗa a kanta: duk kwamfutar da aka kawo wanki, sai ya fara kwashe foldodin mai ita zuwa wani ƙaton faifan ajiya nasa, ba don Allah ba, don ya tsinci finafinai da waƙoƙi da wa'azi ya riƙa tura wa mutane a waya. Na taɓa ce masa ɓarawon zaune a gaban jama'a. Yau ga ni a gabansa.

"Malam Bilyamin," na ce, da muryar da ban san ina da ita ba, "ka kwashi kayanta kafin ka wanke?"

"Haba Anti Fanne, ni? Ai tun da kika yi magana na daina."

"Bilyamin, don girman Allah. Yau ba faɗa na zo yi ba."

Ya kalle ni, ya kalli Ya Kashim, ya sosa ƙeya. Sai ya jawo durowa ya fito da faifan.

Folda ce mai suna "Kashim kafe". Muka wuce wa'azi, muka wuce hotunan fasfo na rabin Potiskum. Can ƙasa a cikin takardu sai ga fayil ɗin.

"Wannan ai na gwada shi ya ƙi buɗewa," in ji Bilyamin. "Har zan goge."

"Da ma an yi shi ne don irinku," na ce. Faɗan ya dawo da kansa.

A nan kan teburinsa na yi aikin da ya kamata in yi ran Asabar. Na share filashin, na buɗe folda uku. Daga shafin masu manhajar na sauko da nau'inta na Windows wanda ba a girkawa, a dunƙule yake zuwa, ka warware shi kawai a folda. Na sauko da na Linux, shi fayil guda ne mai tashi da kansa. Fayil ɗin sirrin na sa shi a folda ta uku, don duka biyun su riƙa buɗe abu ɗaya. Saura saituna. Ita manhajar in ka ƙyale ta, a cikin kwamfutar da ka jona take ajiye su, har da sunan fayil ɗin da ka buɗe, ka tafi ka bar sawu a kwamfutar mutane. Na gyara ta yadda za ta riƙa ajiyewa a gefenta cikin filashin. Netwok ya ja mana rai, sai biyu da kwata aka gama.

Ya Kashim ya miƙo hannu zai jona a tasa ta shago.

"A'a. A wadda ba ta taɓa ganinta ba za a gwada. Kuskuren jiya ke nan."

Bai ce an haife ni jiya ba. Bilyamin ya kunna wata tsohuwar kwamfuta tasa, muka jona. Manhajar ta tashi, ta nemi babbar kalma. Tun kafin a ce mini, na juya baya, na juyar da Bilyamin ma. Na ji ƙarar maɓallai, sai na ji yayana ya sauke wani dogon numfashi yana hamdala. Ɗari huɗu da goma sha uku, babu wanda ya ɓace. Muka cire muka jona a laftof, nan ma ta buɗe. Na tsaya a kan Bilyamin sai da ya goge foldar daga faifansa a kan idona.

Uku da minti goma muka koma shago. Suwaiba tana nan inda muka bar ta, sai dai fara'ar ta gudu. Uku da minti arba'in takardar rajistarta ta fito daga firinta da ɗuminta.

Ya Kashim ya yagi takarda, ya rubuta faswod ɗinta biyu ya miƙa mata.

"Suwaiba, ba netwok ba ne. Ni ne na yi ganganci, na kusa jawo miki asarar shekara. Ki riƙe abinki."

Ta karanta, ta ninke, ta mayar masa a kan tebur.

"Kawu, ni da ko waya ban iya riƙewa ba? Baba ma a wurinka ya bar nasa har ya rasu. Ka bar shi a nan." Ta ɗauki takardunta ta fita da sauri, wai za ta nuna wa mahaifiyarta.

Ya daɗe yana kallon 'yar takardar, sannan ya yayyaga ta ƙanana. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani sabon filashi a ledarsa.

"Yi wani irinsa. Wannan a wurinki zai zauna."

Na kwafa, na ce duk Juma'a zan zo in sabunta shi, kuma sai an gwada shi ma. Na jona a laftof, manhajar ta nemi babbar kalma. Na tura masa, na soma juyawa wajen bangon nan da na saba kallo.

"Ina za ki?" ya ce. "Filashi ba kalma, me zai yi miki in na faɗi na mutu? Dawo nan ki kalli hannuna. A hankali zan buga."

Na dawo na tsaya a kafaɗarsa. Ya buga sau ɗaya, ya goge, ya ce in buga da kaina.