Muryar Hamma Mai Garaya

Akwai wani tsohon kwabo mai huji a ɗaure a hannun garmahon Kawu, daidai saman allura, da baƙin zaren ɗinki. Na lura da shi ne wata rana da na shigo falo da zoɓo, na kuma yi kuskuren tambaya. Kawu ya yi mini bayani a kan nauyin allura da zurfin zanen faifai har ƙanƙarar zoɓon ta narke. Tun daga ranar ban sake tambayar komai a falon nan ba.

Kawu Muhammadu Lawal wan mahaifiyata ne. Ya yi ritaya daga sashen ilimi na ƙaramar hukuma, kuma a gidansa na Kazaure nake zaune tun da na gama jami'a, ina jiran a tura mu bautar ƙasa. Yana da faifai kusan ɗari biyu da sifiku biyu na katako, kowace ta kai buhun gero, waɗanda ko hula ba a yarda a ɗora musu ba. Abokinsa Alhaji Halliru dillalin hatsi ne a Babura. Duk Asabar bayan la'asar yakan zo da tasa sifikar a bayan mota, wata baƙa mai fitilu kala-kala da ya sayo da sefa a ƙetare, wadda ake haɗawa da wayar hannu ba tare da igiya ba.

Sai su zauna su kunna, sannan su yi musu. Kawu ya ce sautin memori gawa ce da aka yi wa wanka, fes-fes amma ba rai. Alhaji ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum mai hankali ya saurari waƙar faifai kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙi ba. Akwai wasu dattawa uku da ba sa fashin zama, aikinsu gyaɗa kai ga duk wanda ya yi magana a ƙarshe.

Abin da ya fi komai daraja a falon shi ne faifan Hamma Mai Garaya, wani makaɗin Roni da ya rasu tun kafin a haife ni. Faifai ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa, ɗan ƙarami, kuma ba wanda ya san inda wani irinsa yake. Ba ma na Kawu ba ne. Matar marigayin, Iya Dela, ita ta ba shi ajiya shekara goma sha tara da suka wuce, don ba ta da abin kunnawa. A kan faifan nan Kawu ya yi suna. Har daga Gwiwa malaman makaranta kan zo su ji. Yakan lumshe ido ya ɗaga yatsa, ya ce a saurari kaurin muryar nan da kyau, irin wannan zurfin ba memorin da zai iya ɗauko shi.

Sau ɗaya ya yarda aka fita da faifan, zuwa wani situdiyo a Kano don a kwafa wa Alhaji, kuma a kan cinyarsa ya je ya dawo. Da Kawu ya ji kwafin sai ya yi dariya har da hawaye. Muryar ta fito siririya. Ya ce kwamfuta ta shaƙe wa Hamma wuya, ya kuma riƙa ba da labarin a duk ɗaurin auren da ya je.

Alhaji bai ji daɗi ba. Wata Laraba ya tafi Roni gaishe da Iya Dela, da kwanon gero da sabulu, ya shaida mata cewa duk kunnawa ɗaya allurar Malam Lawal sai ta kankare wani abu daga muryar mijinta, nan da ɗan lokaci sai dai ta karɓi baƙin faranti. Gara a ba shi faifan ya kulle a gilashi, a riƙa jin kwafi. Iya ta ce ita ba ta san allura ba, ba ta san kwafi ba. Za ta zo ta ji duka biyun, wanda ta ji mijinta a wajensa shi zai riƙe.

Kawu ya kwana biyu yana shiri. Ya sa ni goge garmahon, karo na farko da aka bar ni na taɓa shi. A jikin takardar faifan an rubuta arba'in da biyar, wato zagayen da ya kamata ya yi a minti ɗaya. Ban san abin da ya kai ni ba, na kunna agogon wayata na ƙirga. Arba'in. Na sake ƙirgawa, arba'in. Na ɗaga farantin na leƙa ƙasa. A wurin bel ɗin da ke juya shi, robar cikin tayar keke ce aka yanka siririya aka liƙe bakinta.

Na tambayi matar Kawu, Inna Shatu, a kicin. Ta ce ai bel ɗin asali ya tsinke tun kafin faifan Hamma ya shigo gidan. Tun lokacin wani mai faci a bakin kasuwa ke yanka masa, duk shekara, da ma'auni ɗaya. Na ce to garmahon jan ƙafa yake, duk abin da aka ɗora masa sai ya yi kauri. Ta ci gaba da tankaɗen garinta, ta ce ita shekara talatin tana sauraro ba ta ce komai ba, ni da na zo jiya sai in yi yadda na ga dama.

Sau uku ina tsayawa a ƙofar falo. Duk lokacin da Kawu ya ɗago ya ce, "Lafiya, Bahijja?" sai in tambaye shi ko in kawo shayi. Ranar ya sha shayi da yawa.

Asabar ta zo. Iya Dela ta sauka daga adaidaita sahu ita kaɗai, tsohuwa 'yar ƙarama mai tafiya a hankali. Aka gaisa, ta ƙi kujera, aka shimfiɗa mata tabarma. Kawu ya roƙe ta ta ɗan matsa dama, sannan ta ɗan matsa baya, domin akwai wani wuri da ya yi wa alama da alli, daidai tsakiyar sifikun, inda ya ce nan ne kaɗai ake jin gaskiyar sauti. Ta matsa. Ya wanke hannu, ya goge faifan da ƙyallen karan-miski, ya sauke allura kamar mai ɗiga wa jariri maganin ido.

Garaya ta fara. Muryar ta biyo baya, mai kauri, a natse. Kawu ya lumshe ido, dattawan uku suka lumshe nasu. Iya ta saurara kamar minti ɗaya, sai ta juyo.

"Lawal, wannan wane ne?"

"Iya, ai mai gidanki ne. Hamma ne."

"Hamma ba ya gurnani. Ko ranar da mura ta kama shi bai yi haka ba. Mai garayar nan kuma kamar bai karya ba."

Ta ce muryar mijinta siririya ce, har abokan wasansa kan tsokane shi su ce ya aro ta mata. Kawu ya yi murmushin haƙuri, ya fara bayani cikin ladabi cewa shekaru sukan taɓa kunne, kuma abin da mutum ya daɗe bai ji ba yakan canja masa a zuci. Iya ta ce ƙwarai, shekara ashirin da biyu tana jin mutumin nan yana waƙa a ɗaki ɗaya da ita, amma tunda Lawal ya yi boko, wataƙila shi ya fi saninsa.

Alhaji ya waiga ya gan ni a bakin ƙofa da tire a hannu. Ya ce ga mai digiri nan, ta raba gardama. Duk suka juyo.

"Kawu, faifan arba'in da biyar yake so a minti," na ce, ina kallon tabarma. "Garmahon arba'in yake yi. Robar ce."

Dattawan suka rasa wa za su gyaɗa wa kai. Kawu ya ɗaga allurar, ya zauna, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Alhaji ya gyara hula ya danna wayarsa. Fitilu suka fara wasa, ja, kore, shuɗi. Garayar ta shigo da sauri, muryar ta tashi siririya, tar da ita. Iya ta ɗago kai. Leɓɓanta suka fara motsi tare da baitin.

"Shi ne," ta ce a hankali.

Alhaji ya dubi Kawu, ya dubi dattawan, ya dubi rufi, ya ce shi dama bai cika son surutu ba. Hamma ya kai ƙarshen baiti. Garaya ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya shiga baiti na biyu. Iya ta daina motsa baki. Da aka sake zuwa wurin, ta ɗaga hannu.

"Ina amshin?"

Alhaji ya tsayar da waƙar, ya yi mata bayani da fara'a. Ya ce shi da kansa ya tsaya a kan mai situdiyo ya sa aka wanke waƙar tas da kwamfuta. An cire suyar, an cire tsiyayar, an cire har wani ɗan kuka da ke tashi can baya-baya kamar ana taka 'yan tsaki.

"Ni ce 'yan tsakin," in ji Iya. "Ni da ƙanwata, Allah ya jiƙanta. Nesa da makirfo aka tsayar da mu."

Nan take Kawu ya farfaɗo. Ya mayar da tabarau ya ce a shaida, a garmahonsa amshin na nan, bai taɓa ɓata ba, faifai ba ya zubar da mutane. Ɗaya daga dattawan ya tuna masa cewa shi ne ya sha gaya musu samari biyu ne ke amshin. Kawu ya ce wannan ba shi ne maganar ba. Alhaji ya ce gara a rasa amshi da a mayar da bawan Allah bijimi. Kawu ya ce bel abu ne na gyara, Litinin zai aika Kano, amma wanda aka goge ya gogu. Alhaji ya ce a sake kwafa mana, wa ya hana. Kawu ya ce da faifan wa. Suka miƙe tsaye, kowa na nuna sifikar ɗan'uwansa.

Iya Dela ta dafa ƙasa ta tashi. Ta yafito ni da hannu, ta nuna garmahon. Na ajiye tire, na cire faifan na sa a jakar takardarsa, na miƙa mata da hannu biyu. Ta naɗe shi a gefen mayafinta ta rungume a ƙirji.

Kawu ne ya fara gani. Ya tsaya a tsakiyar magana, bakinsa a buɗe, hannunsa a sama. Iya ta zura takalmanta a bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, ta bi ta soro ta fita.