Abokin Darar Baba

Tun da aka ɗora mini shugabancin ƙungiyarmu ta 'yan dara, ban ga ciwon kai irin Mai Walda ba. Shi ba ya ajiye ɗan dara a kan allo, doka shi yake yi har kofunan shayi su yi tsalle. Dokarmu kuwa ba ɓoyayya ba ce: ba ihu, ba gori, abin da ka taɓa shi za ka tura, in an tashi a yi musabaha. A cikinsu guda ɗaya kawai ya riƙe, ta taɓawa.

Mahaifina shi ya koya wa rabin ɗakin nan wasa. Yanzu hannunsa rawa yake yi. In yatsansa ya gogi ɗan da bai nufa ba, sai kowa ya kawar da kai. Wani ɗan ƙungiyarmu, Tela, har ci yake bar masa da gangan, ni kuma ina jin daɗin wannan kara.

Ranar gasa, ƙuri'a ta haɗa Baba da Mai Walda. Ana tsakiyar wasa hannun Baba ya kuɓuce.

"Ka taɓa, Baba," in ji Mai Walda. "Tura shi."

Baba ya tura, shi kuwa ya bi shi da ci ba tausayi, ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsoho, je ka huta, yau ba ranarka ba ce!"

Raina ya ɓaci matuƙa. Nan take na dakatar da shi sai ya ba da haƙuri. Ya ce bai ga laifinsa ba, ya saɓa rigarsa ya fice.

Ɗaki ya samu lafiya. Baba ya yi ta cin wasa, ana tafa masa. Sai kuma ya daina zuwa. Kullum yana kujerar bakin taga, allonsa a saman kabad yana shan ƙura. Na yi lallashi, na yi mita, har na ce na kori mutum saboda shi amma ko sannu.

"Da wa zan buga?" ya ce. "Tela yana miƙo mini ci kamar ana ba yaro alewa, ku kuna tafi. Hannuna ne ke rawa, ba kaina ba. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan bai sallame ni ba, shi kuma ka kore shi."

Haka na haɗiye girman kaina na tafi shagon walda, ina tafe ina tsaki. Ya bar ni tsaye cikin tartsatsi sai da ya gama haɗa ƙofar da ke gabansa, sannan ya ɗage gilashin fuskarsa.

"Shugaba, in haƙuri ka zo karɓa, babu."

"Ka dawo. Amma don Allah ka daina doka allo."

"Maganar allo dai, zan gwada. Amma ka gaya wa tsohon, in ya taɓa sai ya tura."

Na koma gida ina huci, na maimaita wa Baba maganar yadda take, don ya ji irin mutumin da yake kewa. Ya nuna saman kabad da hannun nan mai rawa.

"Sauko mini da allon. Akwai tarkon da na tanadar masa."